Ina Akwatinka Yake? Tambayar Da Zaɓen Ƙananan Hukumomi Ya Rataya A Kanta

A jikin kowane katin zaɓe na dindindin akwai jerin lambobi kashi huɗu da yawancinmu ba ma tsayawa mu karanta. Kashi na farko yana nuna jiha, na biyu ƙaramar hukuma, na uku mazaɓa, na huɗu kuma rumfar zaɓe, wadda 'yan siyasa suka fi kira da akwati. Waɗannan lambobi su ne adireshinka a idon dokar zaɓe. Su ne ke faɗin wane kansila kake da ikon zaɓa, da wane shugaban ƙaramar hukuma zai iya cewa da ƙuri'arka ya hau. Kuma ga ɗimbin ma'aikata da 'yan kasuwa da malaman makaranta, wannan adireshi ya daɗe da rabuwa da inda suke kwana.

Muna yawan magana a kan wanda ke gudanar da zaɓen ƙananan hukumomi da wanda ke lashe shi. Ba kasafai muke magana a kan inda ake yin sa ba. Ra'ayina shi ne matsalar daga nan ta faro. Muddin mutum bai san akwatinsa ba, ko akwatin yana wata ƙaramar hukuma da ba ita ke kula da unguwarsa ba, ko kuma ya je ya tarar babu malaman zaɓe, to duk wani 'yancin cin gashin kai da za a ba ƙananan hukumomi zai tsaya ne a hannun shugabanninsu. Ba zai iso ga mazauna ba.

Mai rumfa daban, mai zaɓe daban

Najeriya tana da ƙananan hukumomi 774. Daga ciki, shida ne kaɗai hukumar zaɓe ta ƙasa, INEC, ke gudanar da zaɓensu, wato na Babban Birnin Tarayya: Abaji, Bwari, Gwagwalada, Kuje, Kwali da ta birnin Abuja da kewaye. Sauran 768 suna hannun hukumomin zaɓe na jihohi, waɗanda sashe na 197 na kundin tsarin mulkin 1999 ya kafa, kuma gwamna ne ke naɗa shugabanninsu da amincewar majalisar dokokin jiha. Rabon da hukumar ƙasa ta gudanar da zaɓen ƙananan hukumomi a duk faɗin ƙasa tun watan Disamban 1998, lokacin shirin miƙa mulki ga farar hula.

Sai dai hukumomin jihohi ba su da ikon yi wa kowa rajista. Kundin sunayen masu zaɓe na INEC ne. Rumfunan ma ita ce ta tsara su, ta ba su lamba, ta rarraba musu mutane. Idan zaɓen ƙananan hukumomi ya zo, hukumar jiha kan nemi kwafin kundin daga INEC, ta yi aiki da shi. Saboda haka amsar tambayar a takarda mai sauƙi ce: inda ka zaɓi shugaban ƙasa da gwamna, nan za ka zaɓi kansila da shugaban ƙaramar hukuma.

A aikace kuwa, kayan aro ne. Mai rumfar ba shi ke zaɓen ba, mai zaɓen kuma ba shi da rumfar. Idan wani abu ya lalace, kowa na da inda zai nuna da yatsa. An ga haka ƙarara bayan zaɓen ƙananan hukumomin Kano na watan Fabrairun 2018, lokacin da hotunan yara ƙanana suna dangwala ƙuri'a suka bazu a kafafen sada zumunta. INEC ta kafa kwamitin bincike, kuma abin da ta bayyana shi ne ta miƙa wa hukumar jihar kundin sunaye, amma a mafi yawan rumfuna ba a yi amfani da shi wajen tantance masu zaɓe ba. Rumfar da babu kundin sunaye a cikinta kuwa ta tashi daga rumfar zaɓe, ta zama teburi da akwati kawai. Kowa na iya zuwa, kuma babu yadda za a tabbatar wa ya zo.

Shekara 25 ba a ƙara rumfa ba

Domin a fahimci yadda mutane suka yi nisa da akwatunansu, sai an waiwayi tarihin rumfunan. A shekarar 1996 aka tsara rumfuna kusan 120,000 a faɗin ƙasa, kuma a haka aka zauna har shekara 25. A tsawon wannan lokaci garuruwa sun tumbatsa. Gonakin da ke gefen Kano da Kaduna da Katsina sun koma unguwanni cike da jama'a, amma rumfuna suna nan inda aka dasa su tun zamanin mulkin soja. A 2014 hukumar, ƙarƙashin Farfesa Attahiru Jega, ta yi yunƙurin ƙara rumfuna sama da 30,000, sai aka tayar da ƙura cewa rabon ya fifita wani yanki a kan wani, aka jingine shirin. Dabarar da aka riƙa yi ita ce a raba rumfa mai cunkoso zuwa teburori da yawa a wuri guda. Wannan ya rage tsawon layi, amma bai rage nisan tafiya ba.

Sai a watan Yunin 2021 INEC, ƙarƙashin Farfesa Mahmood Yakubu, ta ƙara rumfuna 56,872, adadin ya tashi daga 119,974 zuwa 176,846. A lokaci guda ta ɗauke rumfuna 749 daga wuraren da ba su dace ba: 232 daga gidaje da filayen mutane, 145 daga fadodin sarakuna, sauran daga wuraren ibada da wuraren cunkoso. Wannan ƙididdiga kaɗai ta isa ta nuna cewa wurin da aka ajiye akwati ba ƙaramin al'amari ba ne. Wanda zai kaɗa ƙuri'a a ƙofar gidan mai ƙarfi a unguwa, idon masu gidan na kansa, ba daidai yake da wanda zai kaɗa ta a harabar makarantar firamare ba.

Amma ƙirƙirar rumfa daban, cika ta da mutane daban. Da aka zo babban zaɓen 2023, INEC ta sanar cewa rumfuna 240 ba su da mai rajista ko guda, don haka ba a yi zaɓe a cikinsu ba. Wasu sababbin rumfunan mutanensu ba su taka kara sun karya ba, alhali tsofaffin na nan maƙil. An kuma mayar da wasu masu zaɓe sababbin rumfuna, mutane da dama suka je tsohon wurinsu suka nemi sunansu suka rasa. Idan haka ta faru a zaɓen da aka shafe watanni ana shelarsa a rediyo da talabijin, mai karatu ya ƙiyasta yadda lamarin zai kasance a zaɓen kansila, wanda wasu ba sa sanin an yi shi sai sun ji ana rantsar da waɗanda suka ci.

Kwana a nan, ƙuri'a a can

Sashe na 12 na Dokar Zaɓe ta 2022 ya ba mutum zaɓi uku wajen rajista: inda yake zaune, inda yake aiki, ko inda ya fito asali. Sassauci ne mai kyakkyawar manufa. Amma a zaɓen ƙaramar hukuma, wannan sassauci yana haifar da wani abu mai ban mamaki.

Ɗauki birnin Kano. Abin da muke kira gari guda a baki, ƙananan hukumomi takwas ne: Birni da Kewaye, Fagge, Dala, Gwale, Tarauni, Nasarawa, Ungogo da Kumbotso. Ɗan kasuwar da ke da shago a Kantin Kwari ko Sabon Gari yana wuni a Fagge, kuma wataƙila a nan ya yi rajista domin nan ya fi masa sauƙi a ranar aiki. Amma gidansa na Rijiyar Zaki a Ungogo, ko Panshekara a Kumbotso. Wanda ya tashi a cikin ganuwa, ya yi rajista a ƙofar gidan mahaifinsa yana saurayi, yau shekara goma ke nan da ya yi gini a Mariri, katinsa na nan da tsohuwar lamba. Amaryar da aka kai wata unguwa ta tafi da gara da kayan ɗaki, akwatinta na zaɓe ya tsaya a gidan iyaye.

A Kaduna haka abin yake ga mazauna Rigasa, wadda ke cikin Igabi, da sababbin unguwannin da ke cikin Chikun, alhali ofisoshinsu na Kaduna ta Arewa ko ta Kudu. A Abuja abin ya fi tsanani, domin iyakar jiha ake tsallakawa. Dubban ma'aikatan da ke cika ofisoshin birnin da safe suna kwana ne a Mararaba da Masaka, cikin ƙaramar hukumar Karu ta jihar Nasarawa, ko a Suleja da Madalla ta ɓangaren jihar Neja. Wanda ya yi rajista kusa da ofishinsa yana da ikon zaɓar shugaban ƙaramar hukumar da ba ya kwana a cikinta, ba shi kuma da ta cewa a kan wadda ruwan damina ke shiga ɗakinsa a cikinta.

Ranar zaɓe kuma akan taƙaita zirga-zirgar ababen hawa daga safe zuwa yamma. Wanda akwatinsa ke da nisan kilomita goma sha biyar, ko dai ya je ya kwana a can tun jajibiri, ko ya haƙura. A zaɓen shugaban ƙasa wasu kan jure wannan wahala, har a yi tafiya zuwa garin haihuwa. A zaɓen kansila kusan babu mai yi.

Akwai kuma waɗanda ba da son ransu suka rabu da akwatunansu ba. Mutanen da rashin tsaro ya kora daga ƙauyukan Zamfara da Katsina da Sakkwato da Borno suna zaune a hedkwatar ƙananan hukumomi ko a manyan birane, rumfunansu na can a kufai. Duk lokacin da aka sanar da sakamako daga irin waɗannan mazaɓu, tambayar farko da ya kamata a yi ita ce: a ina aka ajiye akwatin, kuma su wa suka isa gare shi?

Abin da ke hannun kansila da ciyaman

Mai karatu na iya cewa, to me ye a ciki? Amsar tana cikin Jadawali na Huɗu na kundin tsarin mulki, inda aka jera ayyukan ƙaramar hukuma: kasuwanni, tashoshin mota, mahauta, maƙabartu, kwashe shara, titunan cikin unguwa da magudanan ruwa, sanya wa tituna suna da gidaje lamba, rajistar haihuwa da mutuwa da aure, da kuma hannu a ilimin firamare da kiwon lafiya a matakin farko. Duk waɗannan abubuwa ne da ke a ƙofar gida. Babu ɗaya a cikinsu da mutum zai amfana da shi daga nesa.

Har zuwa kwanan nan, mutum na iya cewa babu amfanin damuwa, tunda kuɗin ƙananan hukumomi a asusun haɗin gwiwa da jiha suke maƙalewa, shugabannin kuma kantomomi ne da gwamna ke naɗawa ya sauke. Hukuncin Kotun Ƙoli na ranar 11 ga Yulin 2024 ya sauya lissafin a shari'ance. Kotun ta ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, ta kuma ce naɗa kantomomi a madadin zaɓaɓɓu ya saɓa wa tsarin mulki. Aiwatar da hukuncin ya yi ta jan ƙafa, amma tasirinsa na farko ya bayyana nan da nan: jihohi suka yi rige-rigen gudanar da zaɓe.

Sakamakon ba ya buƙatar dogon sharhi. A Bauchi PDP ta kwashe kujeru 20 na shugabanni. A Sakkwato APC ta kwashe 23, a Jigawa 27, a Kaduna 23. A Kano, ranar 26 ga Oktoban 2024, NNPP ta lashe shugabanni 44 da kansiloli 484, babu ko ɗaya da ya kuɓuce. Jam'iyyu uku mabambanta, salo ɗaya. Wannan ya nuna cewa ciwon ba na wata jam'iyya ba ne, na tsarin ne. Idan kuɗi za su riƙa sauka kai tsaye ga mutanen da suka hau ta irin wannan hanya, to an ɗauke tukunyar ne daga hannu guda aka miƙa wa wani, mai unguwa da jama'arsa suna kallo.

Idan an riga an rubuta sakamako

Hujja mafi ƙarfi da masu ƙin fita ke kawowa ita ce: me zai kai ni rana, alhali an riga an rubuta sakamako? Hujja ce mai nauyi, kuma abin da aka gani a 2024 yana goyon bayanta. Amma a duba ta ta wata fuska. Babu sakamakon da ya fi sauƙin rubutawa kamar na rumfar da babu wanda ya je. Inda mutane suka taru tun safe, suka jira malaman zaɓe, suka tsaya aka ƙirga, suka ɗauki hoton takardar sakamako, mai son sauya lissafi sai ya yi ƙarya a gaban shaidu. Inda babu kowa kuwa, alƙalami kawai yake buƙata.

Lissafin ma bai kai girman da muke zato ba. Mazaɓu 8,809 ne a ƙasar, rumfuna 176,846. Idan aka raba, kowace mazaɓa na da rumfuna kamar ashirin. Masu rajista a 2023 sun ɗan haura miliyan 93, wato kowace rumfa na da mutum ɗari biyar da 'yan kai. Ma'ana, mutum ashirin masu waya da haƙuri sun isa su san haƙiƙanin abin da ya faru a zaɓen kansilansu, rumfa bayan rumfa. Ƙungiyar tsofaffin ɗalibai ɗaya ko kwamitin ci gaban unguwa ɗaya na iya wannan aiki.

Akwai kuma shaidar cewa idan aka bar rumfa ta yi magana, takan faɗi abin da ba a zata ba. Jihar Kaduna ta yi amfani da na'urar kaɗa ƙuri'a a zaɓukan ƙananan hukumomi na 2018 da 2021, kuma a duka biyun jam'iyyar adawa ta samu wasu kujeru. A na 2021 har jam'iyyar gwamna mai ci ta faɗi a akwatin da shi gwamnan ya kaɗa ƙuri'arsa. A Abuja, zaɓen Fabrairun 2022 da INEC ta gudanar ya ƙare da APC uku, PDP uku. Kotuna ma sun fara nuna cewa ƙa'ida ba ado ba ce: a watan Fabrairun 2025 Kotun Ƙoli ta soke zaɓen ƙananan hukumomin jihar Ribas na Oktoban 2024 saboda rashin cika sharuɗɗan da Dokar Zaɓe ta gindaya.

Wasu na ganin mafita ita ce a miƙa wa INEC zaɓen gaba ɗaya. Akwai hikima a ciki, domin mai kundi da rumfa shi ya fi cancanta ya ɗauki alhakinsu. Sai dai hakan na buƙatar gyaran tsarin mulki, da amincewar kashi biyu cikin uku na Majalisar Tarayya da majalisun jihohi 24, waɗanda galibinsu ba sa ƙetare ra'ayin gwamnoninsu. Kuma ko a Abuja, inda INEC ke riƙe da ragamar, fitowar jama'a a zaɓen 2022 ta yi ƙaranci ƙwarai, musamman a cikin birni inda masu ilimi suka fi yawa. Sauya hukuma ba zai kai ƙafar kowa rumfa ba.

Abin da za a iya yi tun yanzu

Akwai abubuwa uku da ya kamata a nema daga kowace hukumar zaɓe ta jiha, kuma babu wanda ke buƙatar taɓa tsarin mulki. Na farko, ta wallafa cikakken jerin rumfunan da za a buɗe da wuraren da suke, makonni kafin zaɓe, a intanet da allon kowace sakatariya, a kuma karanta a rediyo da harshen da jama'a ke ji. Idan an matsar da wata rumfa saboda tsaro, a faɗi inda aka kai ta. Na biyu, kada a kaɗa ƙuri'a ko ɗaya sai da kundin sunaye a kan tebur. Na uku, a ƙirga a rumfa, a liƙa sakamako a bango, sannan a fitar da alƙaluman kowace rumfa a bainar jama'a, ba jimlar ƙaramar hukuma kawai ba. Sanarwar da ta ce jam'iyya kaza ta lashe duka, ba tare da adadin ƙuri'u rumfa-rumfa ba, labari ce kawai, ba sakamako ba.

Sauran aikin kuma namu ne. Doka ta ba kowa damar mayar da rajistarsa inda ya koma, ta ofishin INEC na ƙaramar hukuma ko ta shafinta na intanet, a lokutan da aka buɗe rajista. Ana rufe wannan ƙofa tun zaɓe na da sauran watanni, don haka ba aikin jajibiri ba ne. Wanda ya sauya rumfa a cikin jiha ɗaya bai yi asarar ƙuri'arsa ta gwamna ko ta shugaban ƙasa ba, domin ko'ina ya kaɗa su lissafi ɗaya suke shiga. Abin da ya samu ƙari shi ne murya a kan kwatar layinsu da makarantar 'ya'yansa.

Na san akwai masu barin katinsu a garin haihuwa da gangan, saboda ƙaunar gida ko burin tsayawa takara wata rana. Haƙƙinsu ne, kuma doka ta yarje musu. Amma su san cinikin da suka yi: sun ba da muryarsu a inda suke rayuwa kwana ɗari uku da sittin, sun riƙe ta a inda suke zuwa hutun salla. Wanda ya zaɓi haka, ya rage ƙorafi idan shara ta toshe masa hanya.

Masu iya magana sun ce idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Gwamnoni sun mayar da zaɓen ƙananan hukumomi naɗi mai sunan zaɓe, wannan gaskiya ne. Amma sun samu sauƙin yin haka ne saboda waɗanda suka fi kowa sanin doka, suka fi kowa iya rubutu da tambaya, su ne suka fi kowa nisa da akwatunansu. Likita da lauya da malamin jami'a sukan yi sharhi mai zurfi a kan siyasar Abuja, amma da yawansu ba za su iya faɗin sunan kansilansu ba, balle lambar rumfarsu. Kafin zaɓe na gaba a jiharka, ɗauko katin ka karanta lambobin nan huɗu. Idan ba su yi daidai da inda kake kwana ba, ka san ofishin da ya kamata ka fara zuwa.